Takalmin Maigida

"Yau sai ya bar gidan nan!" Maigidana ya ɗaga takalminsa, fitsarin muzuruna na ɗiga.

Na gaji. An fiɗiye shi tuni, na canza masa yashi, na wanke takalmin har hannuna ya saɓule, amma kullum takalmin nan yake fesa wa fitsari.

"Warin wani muzurun yake ji a jikin takalmin," in ji likitan dabbobi da na je wurinsa.

Na ce, "A ina? Maigidan nawa da ko kukan kyanwa ba ya so?"

Da rana na kai wa maigidan abinci shagonsa ba zato. Yana gyangyaɗi, wani ƙaton muzuru ya yi matashi da ƙafarsa.

Na dire kwanon. "To, Malam, wa zai bar gidan?"