Ƙwayar Ƙiba ta Cikin Leda

Wata takwas ke nan Rekiya tana shan ƙwayar a ɓoye. Yau da ta zauna kan keken ɗinki, ƙafarta ta dama ta ƙi takawa. Wani zafi ya taso mata daga kwankwaso kamar ana buga ƙusa. Ta dafe bango ta cije leɓe, don kada mijinta Zubair, da ke tsakar gida yana goge babur ɗin da yake haya da shi, ya ji.

Rekiya tela ce a Karofi. Tun tana yarinya siririya ce, kuma lafiyarta ƙalau. Bakin mata ne ya hana ta sakat. Duk gidan suna ko biki da ta shiga sai an samu mai cewa, "Rekiya, wai Zubair ba ya ba ki abinci ne?" A kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma in ta koma gida sai ta daɗe gaban madubi.

Wata rana a kasuwar Kurfi, wata mai kayan kwalliya da ake kira Talatu ta ja ta gefe, ta nuna mata 'yan ƙwayoyi farare ƙulle a leda, ba kwali ba suna.

"Biyu da safe, biyu da yamma," in ji Talatu. "Kafin sati uku ƙawayenki ba za su gane ki ba."

Haka kuwa aka yi. Ci ya buɗe, kumatu suka cika, wuya ya yi kauri. Masu zolayarta suka koma tambayar sirrin.

Daga baya ne abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙishirwa da ba ta jin ruwa. Fitsari ba ƙaƙƙautawa. Wasu jajayen layuka a ciki da cinya. Ɗan ƙurji a ƙwauri ya yi wata guda ya ƙi warkewa. Ga kuma kwankwaso yau.

Tsoro ya kama ta. Ta kwashe sauran ƙwayoyin ta zuba a masai, ta ce ta daina daga yau.

A rana ta uku ta tashi da amai da jiri. Tana alwalar la'asar buta ta suɓuce mata, ta faɗi. Zubair ya nemo mota, aka nufi asibiti a Dutsin-Ma, yana riƙe da kanta yana kiran sunanta, ita kuwa ko motsi.

Sai washegari ta buɗe ido, da ƙarin ruwa a hannu. Likitar, wata mata mai gilashi, ta jawo kujera kusa da gadon.

"Baiwar Allah, wane magani kike sha?"

"Likita, ba ta shan komai," in ji Zubair. "Ko na ciwon kai sai an matsa mata."

Likitar ba ta ɗauke ido daga Rekiya ba. Rekiya ta juya fuska bango, ta faɗi komai tana kuka.

"Abin da na zata ke nan," in ji likitar. "Maganin asibiti ne mai ƙarfi, muna ba masu asma da wasu cututtuka, da awo da ƙa'ida. Abin da kika gani a jikinki ba ƙibar lafiya ba ce, illarsa ce. Yanzu sukarinki ya hau, jininki ya hau, hoto kuma ya nuna ƙashin kwankwasonki ya fara lalacewa. Dainawar da kika yi lokaci guda ita ta kusa kashe ki, don jiki ya riga ya dogara da shi. A hankali ake janye shi."

Rekiya ta yunƙura za ta tashi, robar ƙarin ruwa ta ja hannunta.

"Batula!" ta ce. "Malam, Batula!"

Batula ƙanwarta ce, tana Ɗantutture wajen mahaifiyarsu. Wata biyu da suka wuce Rekiya ta aika mata ƙulli biyu, saboda bikin Batular ya matso. Nan take ta shaida wa likitar haka.

"A kawo ta yau," in ji likitar. "Kada a ce mata ta zubar, kada kuma ta ƙara adadi. Ta zo da ledar."

Zubair ya kira wayar Batula sau shida, ba ta shiga. Ya ari babur, tunda nasa na gida, ya kama hanya. Rekiya ta wuni tana kallon ƙofar ɗaki, duk takun da ta ji sai ta ɗago kai. Abincin da aka kawo ko buɗe shi ba ta yi ba.

Gab da magariba suka iso. Batula ta shigo da ƙafarta, fuskarta ta yi zagaye kamar ba ita ba.

"Yaya, me ya same ki?"

Rekiya ta kama hannunta ta riƙe gam.

Allah ya taimaki Batula, an tari nata da wuri, aka janye mata maganin sannu a hankali. Rekiya kuwa sati uku ta yi a kwance. An sallame ta da sandar dogarawa, da maganin sukari na kullum, da takardar zuwa Katsina ganin likitan ƙashi, wanda ake jin sai ya yi mata aiki. Shekararta ashirin da tara.

A mota, kan hanyar komawa Karofi, Zubair na zaune gefenta. Can ya juyo.

"Rekiya, ni na taɓa ce miki kin rame?"

Ta girgiza kai.

'Yan'uwa mata, siranta ba cuta ba ce, ƙiba kuma ba ita ce lafiya ba. Kada ku sha maganin da ba likita ne ya rubuta ba, kada ku miƙa shi ga wata. Wadda ta riga ta fara, ta je asibiti a janye mata shi, kada ta daina da kanta. Mu kuma masu baki, mu bar zolayar mutum a kan jikin da Allah ya ba shi.