Babin da Ya Tsere daga Aji

Kwana biyar ke nan Umma ta kasa zama wuri guda. Ta share ɗaki, ta dawo ta sake sharewa. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta, sai ƙaurin tukunya ya tuna mata. Sabon tabaraunta ma ta neme shi har ƙarƙashin gado, alhali yana saman goshinta.

Wasiƙar da aka aiko wa autarta ce ta hana ta sakat.

Auta malama ce a wata kwaleji da ake karatu ta intanet. Daga ɗakinta take koyarwa, Talata da Alhamis bayan la'asar. Ta rufe ƙofa, ta fuskanci kwamfuta, ɗalibai sittin suna sauraro daga duk inda Allah ya ajiye su. Darasin kula da lafiyar ƙananan yara ne, kuma ba a tambayar kowa takardar shaida kafin ya shiga. Da an fara, Umma ma kan shige nata ɗakin ta ja ƙofa, wai kada motsinta ya dami aji.

Akwai wani littafi da kwalejin ta nemi izinin masu shi a kan babi ɗaya tak, na zazzaɓi da jijjigar jarirai. Sharaɗinsu: 'yan aji kawai za su karanta. Auta ta ɗora babin, ta rubuta dogon gargaɗi da Turanci a samansa. Kafin mako biyu babin ya zaga wayoyin mata, har a layin awo ana nuna wa juna. Masu littafin suka rubuto da kakkausar murya. Ashe kowane kwafi yana ɗauke da lambar ɗalibin da ya sauke shi, kuma wanda ya bazu lamba arba'in da bakwai ce a jikinsa.

"Wallahi Umma, ɗalibar nan ce ban taɓa zato ba," in ji Auta, tana safa da marwa a falo. "Ba ta kunna kyamara, ba ta magana, amma ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba. Rubutunta kamar kaza ta bi ta kan waya, amma amsarta ta fi ta masu digiri. Kowane aiki kuma sai ta rufe da 'Allah ya yi miki albarka'. To ga albarkar nan na gani!"

"Ƙila taimako ta yi niyya," in ji Umma. "Kin manta jaririn maƙwabta da ya riƙa sanƙarewa kwanakin baya? Wanda ya samu abin amfani ai ba ya ci shi kaɗai."

"Da kayan wani? Kyauta da kayan wani ai sata ce ta yafa mayafi!"

Umma ta warware zanen da ta ninke, ta sake ninke shi.

Abin bai tsaya nan ba. Kwamitin bincike ya duba rajista, ya tarar sunan na aro ne, lambar wayar kuma a kashe. Sai zargi ya juyo kan Auta: wai ita ta ƙirƙiri ɗalibar don ta fitar da babin ta bayan gida. Aka ba ta zuwa Litinin. In mai lambar ba ta bayyana ba, aiki ya tafi, suna ya ɓaci. Shekara shida Auta ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu aikin nan. Umma ba ta manta ba, don ita da aka cire daga aji biyu na sakandare, ranar da aka fara kiran 'yarta Malama kuka ta yi.

Da hantsin Asabar Auta ta fito da sauri, waya a hannu.

"Umma, asiri ya tonu! Sun ce da intanet ɗin gidan nan ake shiga ajin. Telar nan mai shago a ƙasan benenmu ce, ita kaɗai na ba lambar sirri. Yau sai ta san ta taɓo ni!"

"Ki bi a hankali, Auta. Zato zunubi ne."

"To wa ya rage? Mu biyu ne a gidan nan, ke kuwa ko hoto sai kin kira ni na buɗe miki." Ta tuntsire da dariya, karo na farko a kwana biyar, ta shiga neman takalmi.

Umma ta shige ɗaki, ta durƙusa gaban akwati. Ta ɗaga zannuwa har ƙasa, ta ciro littafin rubutu da ya kusa cika, da wata tsohuwar waya da ke kashe tun ranar da wasiƙar ta zo. A falo, ta ji Auta na zare sakatar ƙofa.

To jama'a, ku ba ta shawara kafin yarinyar nan ta sauka bene: da wane baki uwa za ta gaya wa 'yarta cewa ita ce lamba arba'in da bakwai?