Jakin Mai Albasa

Sarƙar babur ɗin ta tsinke ne bayan sun wuce Dangoma, inda babu gida balle bakanike.

Baba ya tsuguna yana jujjuya guntayen, sai ka ce kallo zai haɗa su. Tun sassafe suka baro Masama ta ƙasar Gwandu. Saratu, marainiyar da yake riƙo, 'yar shekara tara, tana tsaye cikin farar rigarta ta Kirsimeti, ta tattare gefenta kada baƙin mai ya taɓa.

Ranar da amininsa Bulus, mahaifinta, zai cika, abu ɗaya ya roƙe shi: "Riƙe mini ita. Kowace Kirsimeti ka kai ta cocinmu na Kalgo." Bai taɓa saɓawa ba. Bana kuwa ita ce Maryamu a wasan yara, wata guda tana bita a tsakar gida.

Motoci suka yi ta wucewa, kowace cike maƙil. Ya ɗaga hannu har kafaɗa ta gaji. Ya gwada goya ta, gwiwar tsufa ta ce ba da ita ba. Kaico! Ya zube bakin kwalta yana duban inuwarsa tana gajarta. Kunyar mamaci ta kama shi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, Allah na ganinmu a nan kuwa?"

"Yana gani, ɗiyata," ya ce.

Can sai ga wani manomi da jaki ɗauke da albasa. Yana ganin Baba ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya ji damuwarsu, ya sauke buhunansa a gindin wata bishiya, ya ɗora yarinyar. Ladansa, in ji shi, a sa shi a addu'a.

Saratu ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, Maryamu ma a jaki ake nuna ta!"

Rana ta take tsaka suka isa, ana shirin soma wasan. Matan zumunta suka sure ta da guɗa, tana ta warin albasa. Wani dattijon coci ya riƙo hannun Baba.

"Bismillah, shigo ka huta, ka sha hanya."

"A'a, a dai taimaka mini da buta," in ji Baba. "Yau kam mutanen Masama za su yi Juma'a ba ni, limaminsu."