Jakar Takarda a Ka

Ta ramuka biyun da ya huda a jakar takardar da ya kifa a kansa ya hango su: masoyinsa, fuska a buɗe, riƙe da hannun wani mai jaka irin tasa.

Ranar ce maza masu son maza suka fara fitowa tattaki a titunan Johannesbag da rana tsaka. An raba jakunkuna ga masu tsoron ganin hotonsu a jarida. Shi malamin makaranta ne, ya karɓi ɗaya.

Da safe masoyin ya ce masa, "Sa abarka, malam. Ko a buhu aka ɗaure ka zan gane ka."

Duk shekarun da suka yi a ɗaki ɗaya, malamin bai taɓa yarda an riƙe hannunsa a waje ba. Yau ga wani can ya samu a ɓagas. Ya bi su a baya, numfashinsa na dafa masa fuska.

Sai ruwa ya sauko. Wancan ya yage jiƙaƙƙiyar jakarsa yana dariya. Masoyin ya yi turus.

"Au, ashe ba nawa ba ne."

Sanyi ya ratsa zuciyar malamin. Kuskure ne ashe. Ya tsaya yana jiran a neme shi, hannunsa biyu dafe da takardar da ke narkewa a kansa.

Masoyin ya waiga sau ɗaya, sannan ya sake duban fuskar baƙon. Bai saki hannun ba.