Jaririyar Farko ta Unguwa

Ta tsallake matakalar da ta tsage ba tare da ta kalli ƙasa ba, ta gyara mayafi, ta ƙwanƙwasa ƙofar falo.

"'Yar Jarida, yau kin makara," in ji tsohon maginin daga kan kujerarsa.

Haka yake kiranta. Tun da ciwo ya kwantar da shi ba ya buɗe baki sai ga wanda ya zo tambayar tarihin unguwa. Likita da maƙwabta kuwa, kallo ɗaya yake musu ya juya fuska bango.

Tarihin yana kansa tsaf. Ya san gonar da aka yanka aka yi tashar mota, da ƙauyukan da gari ya haɗiye har sunayensu suka koma sunayen layi. Ya san wanda ya fara ajiye bulo a wurin, da wanda ya ci iyakar maƙwabcinsa ya mutu bai mayar ba. Abin da ya ci da safe ne dai sai a yi ta fama kafin ya tuna.

Ita ba tashar mota ce ta dame ta ba. Labari ɗaya take jira, na jaririyar farko da aka haifa a unguwar. Kullum ya kusa kaiwa nan, sai tari ya sarƙe shi ko barci ya kwashe shi. Ga shi likita ya ja ta gefe ya ce kwanakin ba su da yawa.

Ta haɗa masa shayi yadda yake so, ta ajiye rikoda a gabansa.

"Baba, jaririyar nan fa?"

Fuskarsa ta washe. "Ai tawa ce! A ɗakin bayan nan, ko rufi ban gama ba. Ruwa na zuba, ni ina riƙe da buhu a kan uwarta. Da ta tsala kuka sai da leburori suka ajiye shebur."

Ta matso. "Yaya sunanta?"

Ya buɗe baki. Ya dubi rufi, ya dubi hannuwansa da siminti ya cinye. Leɓɓansa suka yi ta motsi, babu abin da ya fito sai hawaye.

"Sunan ya gudu," ya ce da ƙyar. "Ita ma ta daina zuwa. Ke da kike yawon gari, in kin gan ta ki ce ban yi fushi ba. Ta leƙo ni ko sau ɗaya."

"Zan gaya mata, Baba."

Ta zauna har barci ya ɗauke shi. Ta fita ta ƙofar gaba kamar yadda baƙi ke yi, ta zagaya ta baya, ta ɗora masa abincin rana, sannan ta toshe bakinta da mayafi ta shige ɗakin da aka haife ta.