Jar Rigar Tadej

Tadej ya ja ɗamarar da ke ƙirjin matar, ya sake ja, sannan ya ce mata da ya ƙirga uku ta ruga da gudu, kada ta tsaya ko da ta ga ƙasa ta ƙare a gabanta. Zdenka ta gyaɗa kai. Wuƙar da take fere dankali da ita tana cikin hannun rigarta na hagu.

Shekararta hamsin da huɗu, ko tsani ba ta son hawa. Amma yau ta biya yuro ɗari da casa'in don a ɗaure ta a jikin wannan mutum, su tashi da laimar shawagi a iska daga kan dutse su ratsa saman tafkin Bohinj. A wurin yankar tikiti an ba ta matuƙa uku ta zaɓa. Ta ce ita Tadej take so, ko da za ta yini tana jira.

Shekara bakwai ke nan da aka kashe mata 'yarta Neza a kan wannan dutse. Hutun hunturu suka zo su uku, ita da mijinta Vinko da yarinyar. A rana ta uku hazo ya rufe ko'ina. Zdenka ta zauna a masauki, Vinko ya shige rumfar shan abin zafi da ke can sama, Neza kuwa, da ba ta jin kira in ta ga dusar ƙanƙara, ta ja hular kwano da tabarau ta ci gaba da wasanta na zamiya a kan ƙanƙara. Wani ya gangaro a guje ya yi sama da ita, ta bugu da itace. Ya miƙe, ya kakkaɓe jikinsa, ya yi gaba abinsa. Shekararta goma sha bakwai.

Wani da ya hango daga nesa ya ce jar riga ce, irin ta masu koyar da zamiya. Su ashirin ne da ɗoriya, kowa ya rantse ba shi ba ne, magana ta bi ruwa.

Tun ranar Vinko ya daina shan giya, ya sayar da kayan zamiyarsa, ya koma shiru-shiru. Kullum maganarsa ɗaya, ta bar wa Allah. Ita kuwa ba abin da ya fi ƙona mata rai kamar wannan. Ta bar wa Allah, shi kuma wanda ya yi yana can yana ci yana ƙoshi?

Sai bana wata tsohuwa da ta yi aikin wanke rigunan masu koyarwar ta rubuto mata wasiƙa, wai abin ya daɗe yana cin ta. Ta ce a yammacin ranar da abin ya faru an kawo mata jar riga da yagaggiyar kafaɗa, da jini a hannun rigar, ga sunan Tadej a ɗinke a wuya. A lokacin yana cikin masu koyarwar, yanzu kuwa laima yake tuƙawa. Zdenka ba ta nuna wa kowa wasiƙar ba. Ta ce wa Vinko tana son ta sake ganin wurin sau ɗaya. Ya yi ta magiya a fasa, ta kafe. Ya kawo ta har gindin dutse, amma ya ƙi fitowa daga mota, ya ce zai jira ta a filin sauka.

Tadej ya ƙirga uku. Ta ruga, ƙasa ta kuɓuce wa ƙafafunta, laimar ta cika da iska ta ɗauke su. Tafki ya bayyana a ƙasa, shuɗi shar, kwale-kwalen 'yan yawon buɗe ido kamar ƙwayoyin shinkafa.

"Mama, kin fi samarin jiya zuciya," in ji Tadej yana dariya a bayan kunnenta. "Ɗayansu uwarsa ya yi ta kira har muka sauka."

Dariyar nan ita ta ƙarasa ta. Wato har yana da bakin dariya. Ta jira sai da suka yi nisa da dutse, ta zaro wuƙar, ta ɗora kaifinta a kan madaurin da ke haɗa su da laimar. Ta gaya masa ko ita wace ce, da sunan 'yarta, da maganar wasiƙar. Ta ce ba kotu ta zo nema ba, ba kuma haƙuri ba. So take ta ji daga bakinsa, sannan su tafi tare.

Iska na ta kuka a cikin igiyoyi. Tadej bai kai hannu ga wuƙar ba.

"Rigata ce," ya ce.

Ta danna. Zare biyu suka tsinke.

"Amma ba ni ke cikinta ba."

Ya ce da tsakar ranar ya shiga rumfa ya tarar da wani baƙo ya kwarara wa kansa giya mai zafi, rigarsa ta jiƙe, yana ta rawar ɗari. Sai Tadej ya ara masa jar rigarsa don ya gangara sau ɗaya, abin da aka hana su yi, shi kuma ya tsaya shan miya.

Ta ce ƙarya yake, matsoraci kawai. Wane irin mutum ne zai rufa wa baƙo asiri shekara bakwai, yana sane da uwar da aka bari tana kuka? In da gaske ne, ya faɗi dalili tun hannunta bai gama aikinsa ba.

Sun sauko sosai yanzu. Tana iya ganin filin sauka, da motarsu, da Vinko ya fito ya tsaya, ya kare idonsa da hannu yana kallon sama.

"Na yi niyyar faɗa, Mama, wallahi na yi," in ji Tadej a hankali. "Amma da yamma ya dawo min da rigar, ya durƙusa yana roƙona kada matarsa ta ji, don a cikin hazon bai gane 'yarsa ce ya buge ba."