Saura Jikka Guda

Kailu ya ajiye kuɗin a gaban Madam Haske, ma'aikaciyar banki mai karɓar bashi. Jiya ya sayar da shanun nomansa biyu a kasuwar Baleyara, ko waiwayarsu bai yi ba.

Wata takwas ke nan da sojoji suka karɓi mulki, ƙungiyar Turawan da yake yi wa direba ta tattara ta bar Filinge. Albashi ya tsaya, bashin da ya ci da katin banki kuwa ya yi ta haihuwa.

Haske ta ƙirga sau biyu.

"Malam Kailu, saura jikka guda, sefa dubu kawai. Cika mu rufe takardarka, ka huta da kiran da nike maka kullum."

"Sai wani wata."

"Ga jikka nan tana leƙowa daga aljihunka. Don mi?"

Ya tura takardar kuɗin ciki. Fuskarsa ba fushi, ba fara'a.

"Tun da aikin nan ya ƙare, ko ƙannena da na biya wa kuɗin karatu a lakkwal sun bar nemana. Ke kaɗai ke kirana ki ce ina kwana. In na cika, wa za shi kira ni?"